Goyon Ciki A Tsallaken Iyaka: Abin Da Na Koyo Ina Ɗaliba A Damagaram

 A wannan fitowa zan fara da labarin kaina, domin a cikinsa bayanin da nake son yi muku yake.

Ni 'yar ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ce. Duk wanda ya tashi a wajenmu, ko Maigatari, ko Gumel da Gagarawa, ya san iyakar Najeriya da Nijar ba ta raba zumunci ba. Da wuya ka shiga gida ka rasa mai dangi a tsallake. Tumbi ma, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo garin Gumel, yau a cikin Nijar take. Ranar Alhamis idan kasuwar Maigatari ta cika, ba ka gane ɗan nan da ɗan can sai ka ga kuɗin da ya zaro daga aljihu. Ana auratayya. Idan kuma yarinya ta yi cikin fari, al'ada ce ta koma gaban iyayenta goyon ciki wajen wata bakwai, ko da kuwa iyayen suna Dungas ko Magarya. Ke nan sai mace ta fara awo a ƙasa ɗaya, ta je ta haihu a wata, a hannun ma'aikatan da ba su taɓa ganinta ba, waɗanda kuma ba su yi karatu da harshen da aka rubuta katinta ba. Ban san nauyin wannan abu ba sai da ni kaina na zama baƙuwa a ɗakin haihuwa.

Yadda na je

A shekarar 2015, ina karatun ungozoma bayan na gama na jinya, na nemi izinin makarantarmu in yi sati shida na sanin makamar aiki a wani asibitin haihuwa a birnin Damagaram. Goggona tana aure a can, don haka masauki bai zama matsala ba, kuma shi ne ma ya sa mahaifina ya yarda. Makaranta ta rubuta wasiƙa, asibitin ya amsa a rubuce, aka faɗi ungozomar da zan zauna a ƙarƙashinta. Na tafi da takardun tafiya, da katin allurar shawara, da shaidar na yi rigakafin ciwon hanta, da littafin da za a riƙa sa mini hannu a kan duk aikin da na yi.

Ga wanda bai sani ba, ɗalibar da ta je sanin makamar aiki ba ta da albashi, ba ta rubuta magani, ba ta karɓar haihuwa ita kaɗai. Ko wadda ta riga ta sami lasisin hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, lasisin nan a bakin iyaka yake tsayawa. Ina da nawa na jinya a lokacin, amma a can ko allura ba na yi sai an ce in yi, kuma ana tsaye a kaina.

Iyayen da 'ya'yansu ke neman irin wannan tafiya, ko Nijar ce, ko Masar, ko Indiya, ku nemi ganin wasiƙar makaranta da amsar asibitin da idonku kafin ku sa albarka. Ku san wanda zai kula da ita a wurin aiki da inda za ta riƙa kwana. Ku kuma ware kuɗin dawowa a gefe wanda ba za a taɓa ba. Mun ga abin da ya faru a Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu, har da 'yan Jigawa, suka fito a mota, wasu suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su.

Hausa ɗaya, takarda biyu

Na tafi da tunanin tun da Hausa ake yi a Damagaram ba zan sha wahala ba. A tsakar gida haka ne. A kanti na fara tuntuɓe, da aka ce mini sabulu dala arba'in, na tsaya ina kallon mai kanti. Ashe dala ɗaya sefa 5 ce, dala arba'in sefa 200 ke nan. Asibiti kuma likita suke ce masa, shi likitan kuwa lokotoro. Idan mace ta ce miki za ta likita, wurin take nufi. Katin awo karne ne, hawan jini tansiyo. Waɗannan cikin sati guda na kama su. Ruwa ma na koyi tattalinsa, domin Damagaram gari ne na duwatsu da aka daɗe da saninsa da ƙarancin ruwa, kuma goggona ba ta bari a zubar da ruwan ɗauraya sai an sake yin wani abu da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne takarda. Da masu ciki Hausa ake yi, amma duk abin da za a rubuta da Faransanci ne, miƙa aiki da safe ma haka. Ni kuwa ban da gaisuwa ban san komai ba. Ungozomar da nake ƙarƙashinta, wadda kowa ke kira Madam, mace ce marar yawan magana. Ita kuma 'yar Najeriya take ce mini, har na baro ban ji ta kira sunana ba.

A kwana na huɗu na yi kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. An miƙo mini katunan matan da aka gwada jininsu a bakin ƙofa, aka ce in jera su, wadda take da matsala a sa nata a sama domin Madam ta fara ganinta. A kan wani kati na ga an rubuta 15/10. Da yake muna cikin Satumba, sai na ɗauka ranar dawowa awo ce, wato 15 ga Oktoba, na tura shi can ƙasa. Madam ta karɓi katunan tana buɗa su ɗaya bayan ɗaya, ta zaro shi, ta ce, "'Yar Najeriya, wannan fa?" Na faɗi abin da na fahimta. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kirawo matar daga ƙarshen layi, ta miƙo mini abin gwajin jini ta ce in gwada da kaina. Na gwada na sami 150 bisa 100. Ashe a can sifirin ƙarshe suke yankewa, abin da muke rubutawa 120/80 su 12/8 suke rubutawa. Matar nan cikinta wata takwas, fuskarta a kumbure, tun asuba kanta ke sara ba ta gaya wa kowa ba. Da aka gwada fitsarinta aka ga alamar da ake tsoro. Ranar ba ta koma gida ba, kwantar da ita aka yi.

Uwargida, ki riƙe wannan lamba: 140/90 a katinmu, 14/9 a nasu. Daga nan zuwa sama hawan jini ne, kuma a jikin mai ciki shi ke share wa jijjiga hanya. Idan ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a saman ciki ta wajen haƙarƙarin dama, ba a jiran ranar awo. Jijjiga ba iska ba ce, ciwo ne da ke da magani, kuma allurar da ke tsayar da ita, maganiziyam salfet, iri ɗaya ce a Gumel da Damagaram.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa na tona kaina. Asibitinmu na koyarwa ne, kullum za ki ga ɗalibai a wurin awo da ɗakin haihuwa, wasunsu ma Hausar ba ta zauna musu ba. Haƙƙinki ne a gaya miki wannan ɗaliba ce, a nemi yardarki kafin ta taɓa ki, kuma in kin ce ba kya so ba za a rage miki kulawa ba. Abin da ya fi muhimmanci ki lura da shi shi ne akwai babba a bayanta, kamar yadda Madam ta bi bayana. Idan ɗaliba ta gaya miki wani abu a kan magani ko sakamakon gwaji, ba laifi ki ce, "Sista, a kira mini babbarku in ji daga bakinta." Ɗalibar kirki ba za ta ji haushi ba. Ni dai matan Damagaram sun yi haƙuri da ni, suka bari na koyi aiki a jikinsu ina baƙuwa, kuma da sun hana, da yau ban iya abin da nake yi muku ba.

Abin da ke cikin karne

Daga ranar na sayi ƙaramin littafi, duk harufan da na gani a kati sai in tambaya in rubuta. Ga kaɗan daga ciki, domin ɗan makarantar da ke gidanku ya iya duba muku, kuma abokan aikina na asibitocin bakin iyaka su amfana. CPN shi ne awon ciki, lambar da ke gabansa kuma zuwa na nawa ne. TA gwajin hawan jini. DDR ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara, wadda muke rubutawa LMP, kuma daga ita ake lissafin lokacin haihuwa. SA satin da ciki ya kai. HU tsawon ciki da aka auna da tef. BCF bugun zuciyar jariri. VAT allurar tetanus, wato rigakafin ciwon sarƙe haƙora. TPI kuma ƙwayoyin nan uku na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, Fansidar, da ake ba ki ki sha a gaban ma'aikaciya.

Awon yawan jini ma ya bambanta. Mu mun saba da PCV, inda za ki ji an ce jininki 33 ne ko 30. Su kuwa Hb suka fi rubutawa, wanda lambarsa kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta tamu. Hb 11 daidai yake da PCV 33, kuma ƙasa da haka a mai ciki ƙarancin jini ne. Idan ya sauka ƙasa da 7, wato PCV 21, abin ya yi tsanani. Na taɓa ganin miji ya kusa zubewa da ya ga 10 a takardar matarsa, yana zaton irin lissafin da ya sani ne.

Za ki ce to ni da ba na karanta Turanci bare Faransanci, me kati zai yi mini? Ai ba don ki karanta ake ba ki shi ba. Shi zai faɗa wa sabuwar ungozoma abin da aka riga aka yi miki da abin da ya rage. Fansidar, misali, ana fara ta bayan ciki ya cika wata uku, ana maimaitawa wata-wata har haihuwa, aƙalla sau uku, kuma ba a so a sha biyu a cikin ƙasa da wata guda. In ba kati, ko a maimaita miki da wuri, ko a tsallake. Allurar tetanus guda 5 mace ke buƙata domin ta kare ta tsawon shekarun haihuwarta, amma mata da yawa kullum daga ta farko ake sake musu saboda ba shaida. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, kuma zuwan da kika yi a Danzomo ko Maigatari yana cikin lissafi, ba ya faɗuwa don kin tsallaka.

A nan zan ɗan yi wa 'yan'uwana ma'aikata magana. Sau da yawa mace kan zo mana da karne daga Nijar, sai a ɗaga shi a ga ba a gane rubutun ba, a mayar mata, a buɗe sabon kati kamar yau ta fara awo. Wannan asara ce. Lambobi ba su da yare. In an san harufan nan, an karanta fiye da rabin katin.

Daren da aka kira ni karatu

A sati na biyar ina kwanan aiki, wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka kawo wata yarinya daga wani ƙauye a ƙasar Magarya. Cikin fari ne, wata takwas. A wajenmu take aure, kusa da Jeke, ta zo goyon ciki wata guda da ya wuce. Tana kwance jini ya ɓalle mata, ja wur, ba naƙuda, ba ciwon mara. An fara kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa, suka sa mata ruwa suka turo ta. Kafin su iso zane uku sun jiƙe.

Madam tana tambaya, yarinya ba ta iya amsawa, uwar kuma ba abin da ta sani sai kuka. Can sai uwar ta kwance bakin zaninta ta fito da wata leda a naɗe, ta ce ga takardun da ta zo da su daga gidan mijinta. Madam ta buɗe ta ga Turanci, ta ɗago kai ta ce, "'Yar Najeriya, zo ki karanta mana." Katin awo ne da takardar hoton ciki. Hoton ya nuna mabiyiya, wato uwa, ta sauko ta tare bakin mahaifa. An rubuta rukunin jininta, an rubuta PCV 27 a awon ƙarshe, kuma da jan biro an rubuta cewa lallai ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata. Ina karantawa ina fassarawa da Hausa, Madam tana mayarwa da Faransanci a waya ga likita. Ba a ɓata lokaci ana neman dalilin jinin ba, aka shiga shirin tiyata.

Sai batun jini ya taso. Mijin yana Najeriya, wayarsa ba ta shiga. Yayanta da ya tuƙo su ne ya bayar da leda ɗaya bayan an gwada an ga ya dace, aka samo ɗaya a ajiya. Allah ya taimaka ta tashi, jaririn kuma ya zo ƙarami, aka ajiye shi a ɗakin jarirai. Har na gama kwanakina suna nan, yana shan nono.

Da ta samu sauƙi na zauna da ita. Na ce, "Ƙanwata, ba a gaya miki abin da hoton nan ya nuna ba?" Ta ce an gaya mata. Na ce to me ya hana ki gaya wa Inna? Ta sunkuyar da kai. Kunya ce ta cikin fari. Ta ga ba za ta iya buɗa baki ta yi wa mahaifiyarta zancen ciki ba, mijin kuma da aka yi bayanin ba ya wurin. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kati ya yi aikinsa a daren nan, amma da an karanta shi tun ranar da ta sauka, da ba a ƙauye za a ajiye ta ba.

Ba kowane ciki ake kaiwa nesa ba

Ba na cikin masu cewa a daina goyon ciki. Yarinya tana samun hutu da kulawa a gaban uwarta, musamman bayan haihuwa. Amma akwai cikin da bai kamata ya yi nisa da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini ba: wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ko tagwaye ne, wadda jaririnta ke kwance a gicciye ko a zaune a watan ƙarshe, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai ƙarancin jini sosai, da yarinya ƙarama da ƙugunta bai gama buɗewa ba, domin ita ce doguwar naƙuda ta fi jawo wa yoyon fitsari. Irin waɗannan, ko dai uwa ta taso ta zo ta zauna da 'yarta, ko a nemi gidan dangi a cikin gari kusa da babban asibiti, a Gumel ne ko a Magarya. Ki tambayi ungozomarki kai tsaye kafin a sa ranar tafiya: "Cikin nan nawa zai iya zuwa ƙauye?"

Wadda aka ce za ta iya tafiya, ta tafi da wuri, kada ta bari sai watan haihuwa ya kama a ɗora ta a babur cikin yashi. A satin da ta sauka ta je awo a asibitin da ke kusa ta nuna katinta, su san da ita. Ta tafi da maganin ƙarin jininta, kuma duk wadda ke shan wani magani na kullum, ko na hawan jini ko na wata cuta da ba ta so a sani, ta karɓi wanda zai ishe ta, ta kuma gaya wa ungozomar can a keɓe. Idan an taɓa ce miki jininki mai alamar ragi ne, wato negetif, ki faɗa tun kafin naƙuda, domin akwai allurar da ake so a yi miki cikin awa 72 bayan haihuwa saboda cikin gaba.

Zubar jini bayan haihuwa

Abin da ya fi burge ni a can shi ne yadda suka ɗauki zubar jini bayan haihuwa. Na je daidai lokacin da wani shiri da Nijar ta fara a 2014 yake bazuwa a asibitocinta. Mataki uku ne, kuma kowace ma'aikaciya ta haddace su. Idan jini ya wuce kima a ba mace ƙwayoyin misoprostol. In bai tsaya ba a sa wata 'yar balan-balan a cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyin. In har yanzu yana zuba, a ɗaure ta da wata riga mai matse ƙafafu da mara, wadda ke tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, har a kai ta inda za a yi tiyata. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini a asibitocin ƙasar ta ragu da fiye da rabi.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 2023 ɗin aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Kano ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, domin ido yana ruɗi, kuma da an ga ya kai iyaka sai a haɗa magungunan gaba ɗaya ba tare da jira ba. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Iyakar da ake magana rabin lita ce, kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya. Idan a gida haihuwa ta kama ki, zane ya jiƙe sharkaf kuma jini bai tsagaita ba, a nemi mota nan take.

Gargaɗi ɗaya a kan misoprostol, tun da yanzu sunansa ya shiga gari. Bayan jariri ya fito ake amfani da shi, kuma sai an tabbatar ba wani a ciki. Shan sa a gida da sunan saurin naƙuda yana iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa.

Saura kai, maigida

A jihar Damagaram ne aka fara abin da suke kira makarantar mazaje a 2008, da taimakon asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidanta ne ke zama lokaci-lokaci su tattauna awo da haihuwa a asibiti, su kuma ja hankalin 'yan'uwansu. Na ga amfaninta, domin na ga maza suna rako mata awo ba tare da jin nauyi ba.

Idan iyalinka za ta tsallaka goyon ciki, kada aikinka ya tsaya a kan buhun gero da kayan jariri. Ka shiga wurin ungozoma a awon ƙarshe ka ji bayani da kunnenka, ka isar wa surukanka abin da ita ba za ta iya faɗa ba. Ka ba da izini tun yanzu, a gaban iyayenta, cewa duk lokacin da abu ya taso a kai ta asibiti, a yi tiyata in ta kama, ba sai an same ka ba. Ka karɓi lambar wani namiji a gidan mai layin Nijar, ku kuma tsayar da mutum biyu da za su iya ba da jini. Ka canza kuɗi ka bar mata sefa a hannu. Gaskiya ne tun 2005 Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, a nan ma a Nuwambar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Amma duk wanda ya taɓa jinya ya san akwai kuɗin mota, akwai abinci, akwai abin da za a ce je ka sayo.

Kada kuma shirinka ya zama "in abu ya yi tsanani a dawo da ita gida". An rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris na 2024 aka buɗe. Masu ƙafa da babur suna da hanyoyinsu ta daji, amma ba da mace mai zubar jini ba, cikin dare, da damina. Asibitin da ya fi kusa da ita shi ne asibitinta, ko a wace ƙasa yake.

Idan an dawo

Yawanci mai jego tana komawa ɗakinta bayan arba'in. Wannan ya zo daidai da sati shida, lokacin da ake duba uwa a ga yadda mahaifa ta koma, a gwada jininta, a yi maganar tazarar haihuwa, kuma lokacin da jariri ke karɓar allurarsa ta sati shida, wadda ake bi da ta sati 10 da ta sati 14. Ki zo da takardun biyu, na nan da na can, har da takardar sallama in an yi miki tiyata, domin a ciki ake rubuta dalilin da aka yi ta, kuma za mu buƙace shi a ciki na gaba. Katin rigakafin jariri ma ki zo da shi ko da Faransanci ne. Za a duba abin da aka riga aka yi masa a ci gaba daga nan, ba sai an sake daga farko ba.